Dokin Teku da Masu Amsa Sunansa

Malaman luggar Larabci suna da wani babi da suke kira mushtaraki, watau lafazi guda wanda ma'anoni dabam-dabam suka yi tarayya a cikinsa, har ya zamana mai sauraro ba shi da ikon tantance wadda ake nufi sai ya dubi abin da ya gabaci kalmar da abin da ya biyo bayanta. Misalin da suka fi bayarwa kuwa shi ne ainu, wadda takan zama idon gani, ta zama idon ruwa, ta zama ɗan leƙen asiri, wani lokaci ma ta zama zinariya. Ba Larabci kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A cikin Ingilishi akwai kalmar seahorse, wadda aka harhaɗa daga kalmomi biyu masu sauƙi, ta farko teku, ta biyu doki, amma duk da sauƙinta ta yi shekara fiye da 500 tana yawo daga wannan halitta zuwa waccan: ta sauka a kan wata ƙatuwar dabba ta tekun ƙanƙara, ta sauka a kan dorinar kogunanmu, ta sauka a kan abin da bai taɓa wanzuwa ba sai a cikin almara, kafin daga bisani ta yi zamanta a kan wani ɗan kifi wanda mafi yawan danginsa ba su kai tsawon tafin hannu ba. Mai koyon Ingilishi da ya tarar da ita a littafin wannan zamani yana iya sakin jikinsa cewa kifin ake nufi; wanda kuwa ya buɗe tsofaffin littattafan matafiya da na fatake da wannan ma'ana guda a ransa, lalle zai ruɗe, domin zai ga an ce matuƙan jirgi sun harbe dokin teku sun ci namansa, ko kuwa an yi lodin haƙoransa zuwa kasuwar Landan, alhali kifin ba shi da nama abin a zo a gani, ba shi kuma da haƙori ko ɗaya.

Asalin wannan ruɗani ba ɓoyayye ba ne. Ɗan Adam mazaunin tudu ne, idan ya gamu da abin da bai sani ba a cikin ruwa sai ya waiwayi dabbobin da ya saba da su ya ari sunansu. Haka Bahaushe ya sami karen ruwa, haka Bature ya sami zakin teku da saniyar teku, wadda danginta ne muke kira ayu. Pliny, malamin Rumawa da ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, ya hakaito cewa mutanen zamaninsa sun yi imani babu wani abin da ke doron ƙasa face yana da takwaransa a cikin teku. Sai dai masu ilmin balaga sun riga sun karantar da mu cewa tashbihi ba ya bukatar abubuwa biyu su dace ta kowace fuska, fuska ɗaya tak ta isa. To, da yake doki yana da siffofi da yawa, ga girman jiki, ga dogon kai, ga tanƙwararren wuya, ga huci, kowane mai kallo sai ya kama siffar da ta fi jan hankalinsa ya liƙa sunan a kan dabbar da ke gabansa, ba tare da sanin cewa wani a wata nahiya ya riga ya liƙa shi a kan wata ba.

Wadda ta fara amsa sunan a Ingilishi, tun cikin ƙarni na 15, ita ce dabbar da ake kira walras, mazauniyar tekun arewa mai ƙanƙara, wadda namijinta kan wuce tan guda a nauyi, ga haure biyu farare da suka zubo daga bakinta. Wannan amfani ya daɗe ƙwarai. A cikin watan Agusta na 1778, lokacin da Kyaftin James Cook ya ratsa mashigin Bering yana neman hanyar da za ta ɓulle da shi ta arewacin Amurka, ƙanƙara ta tare shi, mutanensa suka tarar da garken waɗannan dabbobi kwance a kanta, suka harbe wasu domin su huta da cin naman gishiri; mai zanen da ke tare da su, John Webber, ya zana wannan farauta, kuma sunan dawakin teku ne aka ba dabbobin a jikin zanen da kuma cikin labarin tafiyar.

Ta biyu ita ce wadda muka fi kowa sani. Turawa sun ari sunan dorina daga Yunananci, ma'anarsa dokin kogi, amma fatakensu na ƙarni na 18 da na 19 sun riƙa kiran haurenta haƙorin dokin teku, kuma haja ce mai daraja a wancan lokaci, domin da ita masu gyaran haƙori suke sassaƙa haƙoran ƙarya, har shugaban Amurka na farko, George Washington, ya yi amfani da irinsu. Mutanen Fotugal ma da wannan suna suka san dorina a Angola da Mozambik, da shi kuma suka kira bulalar da ake yankowa daga fatarta, kamar dai yadda kalmar dorina ta zama sunan dabba da na bulala a bakinmu. Larabawa sun riga su. Ibn Baɗɗuɗa, da ya baro birnin Mali a shekara ta 1353 ya nufi Timbuktu, ya iso bakin wani babban reshen Kwara, wanda shi ya ɗauka Nilu ne, sai ya hangi manyan dabbobi goma sha shida ya zaci giwaye ne, har sai da ya ga sun faɗa ruwa, abokin tafiyarsa ya shaida masa cewa dawakin bahar ne. Larabawan Masar da na Sudan bahar suke kiran babban kogi, don haka a bakinsu babu wata tazara tsakanin dokin kogi da dokin teku. A Larabcin yau ne aka raba gardama, aka bar wa dorina farasun nahar, kifin kuma aka ce masa farasul bahar ko hisanul bahar.

Na uku bai taɓa shan ruwa ko cin ciyawa ba. Yunanawan dā, cikin shirkarsu, sun sawwala cewa abin bautarsu na teku yana hawan karusa wadda wasu dawaki ke ja, gabansu na doki, bayansu na kifi, suka kira irin wannan doki hippokampos, daga hippos, doki, da kampos, dodon teku. Rumawa suka gaje shi, masu sassaƙa suka yi ta fito da surarsa, ga shi nan har yau a jikin mashahuriyar maɓuɓɓugar Trevi da aka gama ginawa a birnin Rum a 1762. Daga nan ya shiga tambarin garuruwan da arzikinsu ya dogara ga jiragen ruwa, irin su Belfast da Newcastle, wadda aka ƙara wa tambarinta waɗannan dawaki biyu a 1575. Matasanmu masu kallon ƙwallon Ingila suna ganinsu kowane mako a ƙirjin 'yan wasan Newcastle United, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ko da yake kaɗan ne ke tsayawa su tambayi ko mene ne. Marubutan Ingilishi kuma sukan ari sunan su ba fararen raƙuman ruwa masu kumfa idan iska ta taso su, amma wannan majazi ne bayyananne, ba ya ruɗa kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa bin diddigin suna irin wannan aikin marasa abin yi ne, domin magabatanmu sun san suna yana iya jawo hukunci. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa an tambayi Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, game da wata dabbar teku da mutane ke kira aladen ruwa, sai ya dakata bai yanke ba, saboda sunan da su da bakinsu suka raɗa mata, duk da cewa mazhabarsa ta yalwata ƙwarai a kan halaccin abin da ke cikin teku. Almajirinsa Ibnul Ƙasim ya bayyana cewa shi yana nisantarta amma bai ga haramcinta ba. Ibn Rushd kuma, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya mayar da saɓanin malamai a wannan mas'ala ga tambayar ko sunan alade yana haɗawa da na ruwa ko ba ya haɗawa. Masu ilmin halittu sun gamu da irin wannan matsala ta wata ƙofa, maganin da suka samo kuwa shi ne su ba kowace halitta suna na isɗilahi wanda babu mai tarayya da ita a cikinsa. Linnaeus na Suwidin ya sanya ɗan kifin nan cikin lissafinsa a 1758, sannan a 1810 Rafinesque ya keɓe masa jinsi na kansa, ya ɗauko tsohon sunan dokin almarar Yunanawa ya kira shi Hippocampus. Da tafiya ta yi tafiya walras ta tsaya da sunanta, dorina ta tsaya da nata, kifin ya gaje kalmar. A yau ana rubuta ta haɗe a mafi yawan wurare, ko da yake akan gan ta a rabe ko da ɗan karan ɗori a tsakiya, kuma jam'inta na yau da kullum ne, harafi ɗaya ake ƙarawa a ƙarshe. Mutanen Sin ma dokin teku suka ce masa. Na Japan kuwa, da suka dube shi, tinninu suka gani, watau macijin almararsu, suka kira shi ɗan da tinninu ya yar.

To, shi wannan magaji na suna, wane ne shi? Kifi ne na haƙiƙa, yana numfashi a ruwa kamar kowane kifi, yana da 'yar jakar iska a cikinsa wadda ke daidaita masa nutso da tasowa, sai dai ya saɓa wa sauran kifaye ta kusan kowace fuska da ido ke gani. Nau'o'insa sun haura 40, suna zaune a bakin tekunan duniya masu ɗumi da masu matsakaicin sanyi, a inda ruwa ba zurfi, cikin ciyawar teku da murjani da saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Mafi girmansu, na tekun Ostareliya da Niyu Zilan, yakan kai santimita 35. Ƙananansu kuwa ba su cika santimita 2 ba, har ma ɗaya daga cikinsu ba a san da shi ba sai a 1969, lokacin da Georges Bargibant ya ɗebo wani reshen murjani a tsibirin Niyu Kaledoniya, yana cikin dubawa ya ga ashe wasu ƙulle-ƙullen da ke jikin reshen suna da idanu. Ba shi da ɓawon kifi. Sulken ƙashi ne a jere zobe-zobe ƙarƙashin siririyar fata. Ba shi da fiffiken wutsiya da kifaye ke tuƙa kansu da shi, a tsaye yake tafiya, wani ɗan fiffike da ke gadon bayansa yana kaɗawa sau 30 zuwa 70 a cikin daƙiƙa guda, wasu ƙanana biyu a gefen kai suna juya shi. Da dukan wannan ƙoƙari kuwa, wani ƙaramin nau'i na tekun Amurka tafiyar mita ɗaya da rabi yake yi a sa'a, abin da ya sa ake lissafa shi mafi nawar kifayen duniya.

Wanda ba ya iya gudu dole ya iya kwanto, kuma a nan ne hikimar halittarsa take bayyana ga mai lura. Yakan naɗe wutsiyarsa a jikin karan ciyawa ya tsaya cik, igiyar ruwa tana kaɗa shi tare da ciyawar, launinsa ya saje da nata, idanunsa kuma kowanne yana juyawa shi kaɗai, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda hawainiya ke yi. Abincinsa wasu ƙananan halittu ne dangin jatan lande, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu, masu saurin jin motsin ruwa ta yadda ko kaɗan ya girgiza sai su yi tsalle su ɓace. Sai ya karkato kansa a hankali, a hankali, har dogon bakinsa ya kusanci abin da ya nufa, sannan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba ya ɗaga kai ya zuƙe shi tare da ruwan da ke kewaye da shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Texas a 2013 ya nuna cewa ƙirar kansa tana sa ruwan da ke gaban bakin ya kusan zama ba motsi yayin da yake matsowa, kuma a ruwan da ke kwance yakan dace sau tara cikin goma. Wasu masana a Beljiyam sun riga sun nuna cewa tanƙwarar wuyan tana ƙara masa nisan cafka a kan danginsa masu miƙaƙƙen jiki. Ashe ke nan wannan kai da wannan wuya, waɗanda mutane suka gani suka tuna doki, ba don ado aka yi su ba, kayan neman abinci ne. Ba shi da haƙori, ba shi da tumbi, abin da ya haɗiya wucewa yake yi da sauri, don haka wuni yake yana ci. Ita kuwa wutsiyar, idan aka yanka ta a kwance, ba zagayayya ba ce kamar ta sauran dabbobi, kusurwa huɗu gare ta, kuma injiniyoyi sun gwada a 2015 sun ga irin wannan ƙira ta fi riƙo da jure matsa.

Amma abin da ya ɗaukaka ambatonsa a kan dukan kifaye shi ne cewa namijin ne ke ɗaukar ciki. Ya kamata a fahimci wannan magana a kan haƙiƙarta, domin mutane da yawa idan sun ji ta sukan ce ai kuwa wannan macen ce aka yi wa kuskuren suna. Ba haka ba ne: a wurin masana, namiji shi ne mai samar da maniyyi, mace ita ce mai samar da ƙwai, kuma a nan babu wanda ya karɓi aikin wani. Abin da ya faru shi ne Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci wata jaka a gaban wutsiyar namijin, ƙarƙashin cikinsa. Idan lokacin barbara ya zo, sai su biyun su yi kwanaki suna zawarci, suna canza launi, suna naɗe wutsiyoyinsu wuri ɗaya suna kewaya karan ciyawa, namijin yana cika jakarsa da ruwa yana buɗe bakinta domin macen ta ga babu kome a ciki. Daga ƙarshe su taso sama tare suna fuskantar juna, ta zuba masa ƙwayayenta a cikin jakar cikin 'yan daƙiƙoƙi, nata jikin ya tsuke, nasa ya kumbura, jakar ta rufe. Daga nan har kwana 10 zuwa mako 6, gwargwadon nau'i da ɗumin ruwa, ƙwayayen suna nutse cikin bangon jakar, wanda ke kumbura ya cika da jijiyoyin jini, yana ba su iska da wani kaso na abinci, yana kwashe ƙazantarsu, kuma ruwan da ke cikin jakar yana ƙara gishiri sannu a hankali har ya kusanci na teku, domin kada 'ya'yan su fito su tarar da abin da jikinsu bai saba da shi ba. Ranar haihuwa, wadda takan kasance cikin dare ko da asuba, sai ya kama ciyawa da wutsiya ya shiga naƙuda ta gaske, yana tanƙwarewa yana miƙewa, 'ya'yan suna fitowa rukuni-rukuni, kowane da cikakkiyar surar uwayensa, daga 'yan ƙalilan a ƙananan nau'o'i har zuwa wajen 2,000 a manya. Da sun fito renon ya ƙare, babu mai waiwayarsu, kuma waɗanda ke kaiwa ga balaga ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Shi kuwa uban sau da yawa ba ya kwana biyu sai ya sake ɗaukar wani cikin.

Amanda Vincent, 'yar Kanada, wadda ta shafe sa'o'i masu yawa ƙarƙashin ruwa a gaɓar Sidni tana lura da su, ta ga cewa duk tsawon cikin nan macen takan zo kowace safiya su gaisa da mijinta, su yi 'yar rawarsu ta mintoci kaɗan, sannan kowa ya kama gabansa. Daga irin wannan ne labari ya bazu cewa dokin teku ba ya sake aure har mutuwa. A ganina an yi ƙari a nan, kuma bai dace a ɗora wa dabba ɗabi'ar da muke so mu gani ga mutane ba. Abin da ya tabbata shi ne nau'o'i da yawa suna riƙe abokin zama guda har ƙarshen lokacin haihuwa na shekara, wasu su zarce, wasu kuwa su sauya. Ko wannan kaɗai ya isa abin lura a duniyar kifaye, inda galibi ake watsa ƙwai a ruwa a wuce.

Sunan ya yi wata tafiyar kuma, wannan karo zuwa cikin kan kowannenmu. A shekara ta 1587 wani likitan Bolonya a Italiya, Aranzi, yana fiɗar ƙwaƙwalwar mutum, ya tarar da wani tanƙwararren sashe a can ciki, ɗaya a kowane gefe, ya ga ya yi kama da wannan kifi, sai ya ba shi sunansa na Yunananci, kuma da shi likitocin duniya ke kiransa har yau. An daɗe ba a san aikinsa ba. A 1953 aka yi wa wani saurayi Ba'amurke, Henry Molaison, aiki domin a rage masa farfaɗiya mai tsanani, aka cire mafi yawan wannan sashe ta gefe biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, hankalinsa da maganarsa suna nan, yana tuna ƙuruciyarsa, amma daga ranar har mutuwarsa a 2008 bai sake iya riƙe sabon al'amari ba, likitan da ya gaisa da shi da safe baƙo ne a wurinsa da rana. Ta haka aka gane cewa a nan ne ake ɗaure sabon abu kafin ya zauna a cikin ƙwaƙwalwa, kuma yana cikin sassan da cutar mantuwar tsufa ke fara taɓawa.

Ya rage mu faɗi halin da mai sunan yake ciki, kuma ba hali ne mai daɗin ji ba. Tun ƙarnuka da suka wuce masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suke busar da shi suna dakawa, ya shiga cikin babban kundin magunguna na Li Shizhen da aka buga a ƙarshen ƙarni na 16, ana ba da shi don ciwon asma da ƙarfin maza da wasu larurori. Ana kuma sayar da shi a matsayin tsaraba ga masu yawon buɗe ido, da mai rai ga masu kiwon kifin ado. Mafi yawan waɗanda ake kamawa ba su aka fita nema ba. Jiragen kamun jatan lande ne ke jan taru mai nauyi a ƙasan teku, yana kwashe duk abin da ya tarar, yana tuge ciyawar da murjanin da suke zaune a ciki, kuma kifin da makaminsa shi ne tsayawa wuri ɗaya ba shi da wata dabara a gaban taru. Masu bincike na ƙungiyar Project Seahorse, wadda Amanda Vincent da Heather Koldewey suka kafa a 1996, sun ƙiyasta cewa wajen miliyan 37 ne ke faɗawa cikin taru kowace shekara. Idan aka kama namiji mai ciki an kama zuriya guda, idan aka kama ɗaya cikin ma'aurata an dakatar da haihuwar wanda ya saura har ya sami wani.

A 2002 ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, suka sanya jinsin Hippocampus baki ɗaya cikin jerin abin da ba a fitarwa daga ƙasa sai da izini, dokar ta fara aiki a 2004, aka kuma ba da shawarar kada a yi cinikin wanda bai kai santimita 10 ba, domin a bar shi ya haihu tukuna. Wannan al'amari ya shafe mu kai tsaye, domin gaɓar Afirka ta Yamma tana da nata nau'in, Hippocampus algiricus, wanda sunansa ya jingina shi ga Aljeriya alhali mazauninsa sananne shi ne bakin Atilantika daga Senegal har Angola, da gaɓar Gana da Nijeriya da Kamaru a tsakani. Da na tekunan Asiya suka fara ƙaranci, sai dillalai suka juyo nan, masunta suka koyi ware shi daga cikin taru su shanya a rana maimakon su mayar da shi ruwa, har ta kai a 2016 aka dakatar da fitar da shi daga Senegal da Gini, kuma yanzu yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Sai dai busasshen dokin teku ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, ɗaruruwa suna shiga cikin jakar matafiyi guda. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya gano cewa wajen kashi 95 cikin 100 na waɗanda ake sayarwa a kasuwar Hong Kong sun fito ne daga ƙasashen da suka ce sun hana fitarwa, kuma a cikin wannan shekara ta 2019 jami'an Peru suka tare wani jirgi kusa da tashar Callao, suka tarar da busassu fiye da miliyan 12 a cikinsa.